Damin Iri a Bayan Keke

Keken babana baƙi ne, dogo, mai sanda a tsakiya, kuma birkinsa na baya ya mutu tun kafin in yi wayo. Da shi yake kai goro kasuwannin ƙauye, daga Filingue har Damana, wani lokaci ma ya nausa arewa wajen Abala. Ba ya barin kowa ya hau. Yayyena maza sun roƙa har sun gaji, suka tafi ci-rani ba su taɓa taka fedarsa ba. Ni aikina wanke shi ne a rijiyar bayan lakkwal, makarantar bokon garinmu, inda babu ido. Sirdin ya yi mini nisa, don haka ta ƙarƙashin sanda nake zura ƙafa, in karkace kamar mai riƙe da tulu a ƙugu, in yi ta zagaye kafin in kai shi gida yana ƙyalli.

A zamanin mulkin soja ne, shekarar da ta biyo bayan babbar yunwa. Mun cinye geron rumbu, mun cinye na iri, mun koma jar dawar taimako da ake rabawa a layi. An ce za a kawo iri daga Yamai, amma ruwa ya riga motar isowa. Ruwan shuka ne sosai, wanda in ka tona ƙasa da hannu ba ka iske busasshiya. Ƙasarmu kuwa rairayi ce, ba ta riƙe damshi. In ba mu shuka ba kafin rana ta shanye shi, sai jiran wani ruwan da ba wanda ya san ranarsa, kuma geron da ya makara ba ya nuna. Ga gona ta jiƙe, ga mu ba ko ƙwaya.

Akwai dami ɗaya na irin kakanmu a wurin gwaggo, yayar babana, wadda ke aure a wani ƙauyen Zabarmawa can bisa dutse. Mota ba ta zuwa can. Jakinmu ya mutu da yunwar, babana kuma yana kwance da kurkunu a ƙafa, ko bakin zaure ba ya iya kaiwa.

Na ce, "Baba, bari in tahi da keke."

Inna ta dafe ƙirji. "Ɗiya mace bisa keke? Mi mutane za su ce?"

Babana bai kula ta ba. Ya dube ni ya ce, "Kina tsammani ban ga sawun taya bayan lakkwal ba? Kada ki bi kwarin dallol, ruwa ya kwanta. Bi burtali ki hau ta tsagar dutse. In kin iske manya, ki sabka ki gaishe su."

Da sassafe na fita. Wanda bai san ƙasarmu ta Kurfey ba yana ɗauka shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce, don daga mota kwarin dallol kawai yake gani, da gawo da goriba. Amma kwarin yana da bango, jan dutse tsaye, kuma sai ka tura keke ka hau shi za ka san kana da cinya. Na tura, na huta, na sake turawa, ina zagin keken a zuci. Da na fito sama sai ga fako, ja, a daddaɓe kamar tsakar ɗaki, da sabara nan da can da 'yan tafkunan ruwan jiya. Nan na fara taka feda ba zagaye ba, tafiya ta gaske, iska na kaɗa mini mayafi. Na waiwaya na hango Filingue a ƙasa, 'yar ƙarama. Wallahi ban taɓa jin daɗi irin na wannan safiyar ba, duk da cikina babu komai sai ruwan dawa.

Wata Bafulatana mai kora 'yan shanun da suka rage mata ta gan ni, ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Duk gonar da na wuce mutane na shuka, kuma duk inda na ga furfura sai in sauka in durƙusa. Saukar ta ci mini lokaci, amma ban tsallake ko ɗaya ba. Wani tsoho ya jingina da sunguminsa ya ce, "Ɗiyar wa ce wagga? To, in kin hwaɗi kada ki ce ƙasarmu ta kada ki." Ya nuna mini inda zan kauce wa kwazazzabon da ruwa ya yanka.

Gwaggo ba ta yi mamakin keken ba, ita ba ta mamakin komai. Ta sauko da damin daga rufin ɗakin girki, inda hayaƙi ya tsare shi daga ƙwari, zangarniyoyi dogaye, sun yi baƙi da kunkunniya. Na roƙe ta a sussuke shi a zuba a buhu, ya fi sauƙin ɗauka.

Ta ce, "Irin tsohonmu ba a sussuka shi gidan wani. Da zangarniyatai ya hito, da ita za shi koma."

Na san ba a gardama da gwaggo. Sai dai busasshen gero yana zuba in ya sha girgiza, kuma hanyar duk tsakuwa ce. Na cire mayafina muka naɗe damin da shi, muka ɗaure da igiya a bayan keke a gicciye, ya fi ni faɗi. Haka na juyo da kallabi kawai, rana na dukan wuyana.

Gangaren ne ya kusa kashe ni. Da birkin gaba kaɗai, in na matse, keken zai tuntsura da ni da irin. Na gwada sauka in riƙe shi da hannu, nauyin ya fizge ni, damin ya karkace, na ji ƙwaya na zuba cikin mayafin. Na tsaya, na ji tsoro ƙwarai. Sai na tuna yadda muke janyo ƙaya don shingen gona, yadda take kama ƙasa tana hana mutum sauri. Na karyo babban reshen geza, na ɗaure shi da sauran igiyar a bayan keken, na ɗora dutse a kan ganyen na ɗaure. Na zura ƙafa, na yi bismilla. Reshen ya riƙe mu, muka gangaro a hankali yana yagar ƙasa a bayanmu.

Da la'asar na shigo gari, kuma na manta ban kwance reshen ba. Mazan da ke zaune a gindin itacen bedi suka fashe da dariya: ga ɗiya mace a karkace bisa keke, ba mayafi, tana jan itace kamar wutsiya. Na sauka, na durƙusa na gaishe su yadda aka ce in yi. Da suka ga kan zangarniya na leƙowa daga mayafin, dariyar ta tsaya. Ni da inna muka sussuke shi a turminmu, babana ya sa aka ɗiba wa maƙwabta, muka shuka tun damshin nan bai janye ba. Geron ya tsira, ya nuna, kuma jikokinsa ne ake shukawa a gonarmu har yau.

Babana bai ce mini sannu ba. Ya sa aka kawo masa keken, ya shafa inda igiya ta goge fenti, ya yi tsaki. Abin ya ƙona mini rai, na shiga ɗaki na yi kukana.

Da ƙafarsa ta warke, ran nan ya ce in je in wanke keke. Ina kama shi na ga ya canza. An sauke sirdin har ƙasa, daidai tsawona. Na hau na zauna sosai, karo na farko, ƙafafuna duka biyu suka iske feda.

Bayan haka na bi hanyoyin dutsen nan har na san su kamar tsakar gidanmu. Sojoji suka tafi, aka yi zaɓe, na zama malamar lakkwal a ƙauyukan sama, duk bisa keken nan idan ba ranar kasuwar babana ba ce. Shi kuwa, dogon mutum, haka ya ci gaba da zuwa kasuwa gwiwoyinsa na kusan taɓa hannun keke, abokansa na yi masa tsiya suna cewa ya ari keken yara. Har Allah ya karɓi ransa bai sake ɗaga sirdin nan ba.