Kiɗan da Madrina Ta Ji Ta Bayan Ƙofa

Doña Eduvigis ta ƙarar da ƙuruciyarta da rabin tsufanta a Cine Lucero, gidan silimar da ke bayan kasuwar Carora, amma ba ta taɓa kallon fim ko guda ba. Ba ƙari na yi ba. Teburinta yana zaure, gab da ƙofar shiga, tana sayar da gugguru da alewar kwakwa da ruwan mazarƙwaila mai lemon tsami. Da an kashe fitila an rufe ƙofa, ita ke gadin teburin da ma zauren gaba ɗaya, don mai gidan bai yarda da kowa ba sai ita. Ƙofar tana da kauri, an lulluɓe ta da fata, maganar 'yan wasa ba ta ratsa ta. Kiɗa ne kawai yake sulalowa ta ƙasa, ita kuwa kunnenta ba ya zubar da komai.

Mijinta, Nicomedes, shi ne mai majigi. Yana can sama a wani ɗan ɗaki mai zafi, kusa da inji mai ƙara kamar na niƙa. Yana ganin komai ta 'yar taga, yana karanta rubutun da ke ƙasan hoto, amma kiɗa sai dai ya ji labari. Da safe, tana gasa arepa, wainarmu ta masara, yana kurɓar kofi, sai su haɗa abin da kowa ya samo. Ta rera masa kiɗan, shi kuma ya ba ta labarin. Haka suka yi zawarci, haka suka yi zaman aure. Allah bai ba su haihuwa ba.

Ni ce 'yar da ta riƙe ranar baftisma, shi ya sa nake ce mata Madrina, wato uwar baftisma. Uwata tana wanki a asibiti, saboda haka a ƙarƙashin teburin guggurun nan na girma. Kafin in san harafi ɗaya na rubutun kiɗa, na san kiɗan ɓarayin dawakai da na matar da ke jiran jirgin ƙasa, duk daga bakinta. Babban gogen da nake rungume da shi yau a ƙungiyar makaɗan gari, ita ta kai ni inda ake koyarwa, ta tsaya a kan malamin har ya karɓe ni. Ban san da wane baki zan gode mata ba, kuma ko na fara sai ta ce in rufe mata baki in ci abinci.

Abu ɗaya ne ba a taɓa mata: ubanta. Tana ƙarama ya tafi aikin mai a Maracaibo, ya ce zai dawo da Kirsimeti. Ba a sake jin ɗuriyarsa ba. An ce ta daɗe tana zuwa tasha duk ranar da mota za ta iso.

Silima ta mutu, aka mayar da ginin ma'ajiyar fatun awaki. Nicomedes ma ya rasu, Allah ya jiƙansa. Bara gari ya gyara ginin, aka ce mu za mu buɗe shi da kiɗan finafinai, a riƙa haska guntayen hotuna a bayanmu muna kaɗawa. Maestro Ovidio, shugabanmu mai kaɗa sandar jagorancin kiɗa, ya ce in taya shi zaɓe. Ni da shi ba ma minti biyar ba mu yi musu ba. Mutumin kirki ne, amma in ka bar shi sai ya cika wasa da kiɗan yaƙi har kunne ya toshe.

"Maestro," na ce, "mutanen garin nan ba barikin soja za su zo ba. Kiɗan da suka ji a ɗakin nan suna samari suke so."

"To wa ya san abin da suka ji? Takardun silimar duk awaki sun cinye."

"Fatun awaki ne, ba awaki ba. Tashi mu je wurin Madrina."

Mun same ta a tsakar gida tana kankare kwakwa. Ba ta san sunan fim ko ɗaya ba, nata sunayen take da su. Ta rera, in ɗauka a waya, Maestro ya dafe goshi yana tunani, can ya buga cinya ya faɗi sunan. Wasu sai da muka kai wa tsofaffin makaɗa. Muka yi ta zuwa, kullum sai mun fito da ciki a cike.

Ba zaɓe kaɗai ta yi ba, har jeri ta yi mana.

"Ku fara da mai ganguna da kakaki," ta ce. "Mutanen Carora ba sa zuwa da wuri ko jana'izar kansu ce. Su shigo su ja kujeru a cikin hayaniya, ba wanda zai ji."

Maestro ya washe baki, ya samu kiɗan yaƙinsa.

"Bayan shi sai na masoyan nan, a kwantar da zuciya. Amma kada ku kuskura ku sa mai sa kuka kafin hutu. Wanda ya yi kuka ba ya sayen gugguru, ruwa kawai yake sha. Ku tausaya wa yarinyar da za ta tsaya a teburina."

"Doña Eduvigis, ai wannan kasuwanci ne, ba kiɗa ba."

"Kai da yunwa kake kaɗa sandar?"

A wasu wuraren Maestro ne ya yi nasara. Ta so a jera masu sarewa uku a wuri ɗaya, ya ce mutane za su yi barci, ta ce gaskiyarsa, har Nicomedes yakan yi gyangyaɗi a irin finafinansu. Amma da aka zo kan na ƙarshe ba ta saurari kowa ba.

"Na matuƙin jirgin ruwa zai rufe. Wanda ya dawo wa matarsa."

Ta ajiye wuƙa ta rera shi. Kiɗa ne mai tafiya a hankali, babban goge ke ɗauke da shi shi kaɗai kafin sauran su shigo. Na san shi tun ina ƙarƙashin tebur, na san labarinsa kamar yadda Nicomedes ya bayar: guguwa ta farfasa jirgi, kowa ya fid da rai, matar tana tsaye a bakin teku kullum, sai wata safiya ga shi nan yana tahowa a kan yashi da buhunsa a kafaɗa.

"Ke za ki ja shi, Yolimar," ta ce mini. "Kuma kada ki yi gaggawa, na san halinki."

Aikin yanko hotuna ya faɗo a kaina, sai na zauna kallon finafinan ɗaya bayan ɗaya. Nan na fara ganin abin mamaki. Ɓarawon dawakan da Nicomedes ya ce ya tuba ya buɗe shagon aski, rataye shi aka yi. Masoyan da ya ce sun haifi tagwaye, ko aure ba su yi ba. Da farko dariya na yi har da hawaye, na ce ashe tsohon nan maƙaryaci ne na gidi. Waɗannan ba su dame ni ba, don hotunan da za mu haska daga tsakiyar labari suke.

Sai na zo kan na matuƙin jirgi. Kiɗan na ƙarshen fim ne, ba shi da wani hoto sai nasa. Matar tana tsaye a bakin teku, babban goge ya fara, igiyar ruwa ta turo hular mijinta har gaban ƙafarta. Ta ɗauka, ta juya ta koma gida ita kaɗai. Shi ke nan.

Dariyar ta ɗauke mini. Na tuna yarinyar da ke zuwa tasha, na gane abin da Nicomedes ya yi ta yi tsawon aurensu: duk namijin da ya fita a fim, sai ya dawo mata da shi gida. Yanzu kuma ni, 'yar da ta raina, zan zaunar da ita a sahun gaba in haska mata cewa mijinta ya yi ta shirga mata ƙarya, alhali ba ya nan balle ya kare kansa.

Na je wa Maestro da zafina.

"A bar allon fari a kiɗan ƙarshe."

"Mu rufe wasa da bango? An riga an gaya wa mutane kowane kiɗa da hotonsa. Rabin tsofaffin garin nan don hular nan za su zo."

"To a canza kiɗan."

"Je ki gaya mata da kanki, ni ina son raina." Ya sassauta murya. "Yolimar, ba yarinya ba ce. Ki faɗa mata gaskiya kafin ranar, shi ne mutunci."

Na san gaskiya ya faɗa, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan. Na je gidanta da niyyar in faɗa mata. Na tarar ta fito da rigar da za ta sa, shuɗiya, ta shanya a igiya tana kakkaɓewa, tana ba ni labarin yadda Nicomedes yakan miƙe tsaye ya kwaikwayi tafiyar matuƙin da buhu a kafaɗa, har kofi ya zube. Sai na kauce wa maganar da ta kawo ni. Na ce ko za a mayar da na matuƙin tsakiya, a rufe da na rawa.

"Na ƙarshe shi ne wanda mutum zai tafi da shi gida," ta ce. "Ba na son su tafi da rawa. Ci alewa."

Na ci alewa na tafi.

Ranar Lahadi da yamma ɗaki ya cika har ana tsaye a bango. Mutane suka makara kamar yadda ta faɗa, ganguna suka rufa musu asiri. Tana sahun gaba cikin shuɗiyar riga, jaka a cinya, karo na farko a rayuwarta a wannan gefen ƙofar. Ina satar kallonta. Ta fi kallon hannuwanmu fiye da allon, lokaci lokaci ta ɗaga kai ta ga dawakai, ta gyaɗa kai kamar ta ga 'ya'yan maƙwabta sun girma. A hutu aka saye gugguru tas.

Muka gama na kusa da ƙarshe. Maestro ya ɗaga sanda yana jirana. Sai na ga Madrina ta miƙe. Ta rataya jaka, ta bi tsakiyar kujeru a hankali, mutane suna janye ƙafa, ta tura ƙofar nan mai fata ta fita. Ƙofar ta rufe.

Ban san ko wani ne ya tsegunta mata ba, ko jikinta ne ya motsa. Ba damar tashi. Na sa baka a kan tsirkiya na ja, kuma ban yi gaggawa ba, don a raina ban so in kai ƙarshe. A bayana hular ta iso gaban ƙafar matar. Ina jin tsofaffi suna jan hanci.

Ana tafi na ajiye goge na fita da gudu, bakan yana hannuna. Na same ta a zaure, tsaye a inda teburinta yake a da, kafaɗarta jingine da bango kusa da ƙofa. Yarinyar gugguru ta ba ta kujera ta ƙi zama.

"Madrina, lafiya? Me ya fito da ke?"

"A nan na san shi, a nan zan ji shi." Ta dube ni sama da ƙasa. "Ke kuma da kika yi ta zagaye a gidana kamar kazar da za ta yi ƙwai, kin ɗauka ban gane ba?"

"Wa ya gaya miki?"

"Wa zai gaya mini? Makon da aka nuna shi ko gugguru ɗaya ban sayar ba a fita, ruwa kawai. Manyan maza suna fitowa da jajayen idanu. Kuma ina da kunne, 'yar nan. Kiɗan mutumin da ya dawo ba haka yake ba. Ni za a koya wa wannan?"

"To me ya sa ba ki taɓa ce masa komai ba?"

"In ce masa me? Mutum ya kwana a ɗakin zafi, ya tashi da safe ya zauna yana ƙago mini hanyar da wani zai bi ya dawo gida, har da buhu a kafaɗa. Kullum, ba gajiya. Wa ya taɓa yi miki haka?" Ta goge ido da bayan hannu. "Mutanen fim sun kashe nasu, su ta shafa. Na tsohona na fi so, kuma ban ga dalilin da zan je in kalli na wasu ba."

Na tsaya riƙe da baka kamar sakarya, hawaye na zuba. Na yi mako ina ƙoƙarin kare ta daga abin da ita ta yi shekaru tana kare wa mijinta. Na gode wa Allah da ya ɗaure mini harshe ran nan a tsakar gidanta.

Ƙofa ta buɗe, mutane suka fara fitowa da jajayen idanu, wasu suna rera kiɗan ƙasa ƙasa, suna neman ruwa. Madrina ta matsa ta ba su hanya, ta kama hannuna ta matse.

"Kin ja shi da kyau," ta ce. "Ina nan tsaye na ji shi yana tahowa a kan yashi."