Malama Nyanzobe Ta Ci Jarrabawar Ido

A Misungwi babu wanda bai san Malama Nyanzobe ba. Rabin magidantan garin ita ta koya musu riƙe fensir, sauran kuwa sun sha tsawarta ko da a hanya ce. Mace ce mai gaisuwa. Tun daga nesa za ta ƙwala maka kira da sunanka, ta tambayi mahaifiyarka, ta tambayi shanu, har ɗan maraƙin da aka haifa makon jiya sai ta ji lafiyarsa. A garin nan kuwa, wanda ya wuce ka bai ce maka uffan ba, zaginka ya yi.

Bayan ta yi ritaya mijinta ya rasu, sai idanunta suka fara yin hazo. Tana ganin mutum tafe, amma fuskar ta shafe. Ran nan a bakin kasuwa ta wuce Mama Kabula, wadda suka tsufa a benci ɗaya a coci, ko kallonta ba ta yi ba. Ai kafin yamma magana ta zaga gari.

"Tun da 'yarta ta samu aiki a Dar es Salaam take ji da kanta," in ji mata a bakin famfo.

Ɗaya bayan ɗaya aka ɗauke mata ƙafa. Sai ta tuƙa tuwon ugali ta zauna ta ci ita kaɗai, rediyo na ta surutu a gefe. Abin yana cin ranta ƙwarai, amma ko 'yar tata ba ta gaya wa ba. Ita da ta saba a tambaye ta ta ba da amsa, yaya za ta buɗi baki ta ce ba ta gani? Ta gwada tabarau ɗin marigayi, ciwon kai kawai ya ƙara mata.

Tana da katin inshorar lafiya na gwamnati tun tana aiki, sai ta shiga neman mai auna ido da zai karɓe shi. Shago na farko aka juya katin gaba da baya aka ce, "Ayya Mama, mu ba ma aiki da wannan." Na biyu ya ce katin bai haɗa da ido ba, in ciwon ciki ne da an duba ta. Na uku ma a rufe ta same shi. Wata mai sayar da ƙananan kifi ce a cikin motar haya ta daladala ta ce mata akwai wani ƙaramin asibitin ido a Mwanza, can bayan wata majami'a, suna karɓa.

Da sassafe ta ɗaura sabon zanenta ta kama hanya. Ta tarar da layi har waje. Ɗakin awon kuma labule ne kawai ya raba shi da bencin masu jira, duk wanda ya shiga ana jin sa yana karanta haruffan allo daga sama zuwa ƙasa. Wannan ya karanta, wancan ya karanta. To, kunnen da ya shekara da shekaru yana sauraron haddar yara, me zai hana shi ɗauka? Kafin azahar ta haddace allon tas. Har wani dattijo ya yi kuskure a layi na biyar, ta ji bakinta ya gyara masa a hankali.

Mai awon yarinya ce, sa'ar 'yarta. Ta duba katin, ta rusuna.

"Ashe malama ce! Sannu da zuwa, Mama. Yau ke ce ɗaliba, ni ce da bulala. Rufe ido ɗaya, ki karanta mini."

Malama ta ɗaga kai. Farin abu kawai ta gani a bango, da wasu baƙaƙen ɗige-ɗige kamar an watsa wake. Ta buɗe baki za ta ce ba ta gani. Sai ta tuna labule ne kawai tsakaninta da jama'a, kuma an ji an kira ta malama. Haruffan suka zubo da kansu, tiryan-tiryan, har layin ƙarshe. Aka canza ido, ta sake zubo su.

"Kai, Mama! Ai kin fi ni gani," yarinyar ta faɗa tana dariya. "Allah ya ba mu irin tsufanki. Na gaba ya shigo!"

Ta tsaya a ƙofa da katin a hannu, tana so ta juya. Wani har ya zauna a kujerar.

Rana ta yi sanyi lokacin da ta sauka daga mota. Tun daga kwanar gidanta ta hango mutum tsaye a bakin shinge, da alama mace ce, ta yafa zane ja. Mama Kabula ce, ba shakka, ta huce ta zo. Ta ɗaga murya yadda ta saba a da.

"Maraba, maraba, 'yar uwa! Kin daɗe a tsaye? Yaya yara? Yaya ƙafar taki? Wallahi na yi kewarki."

Shiru. Ta ƙarasa da sauri tana ba da haƙuri, ta miƙa hannu biyu.

Zanenta ne da ta shanya a kan shingen da safe, ya bushe. Ta sauke shi, ta ninke, ta shiga da shi ciki.