Ƙirjin Habila da Gawon Kan Iyaka

Tare muka yi kiwon awaki da Habila muna yara, a ƙauyenmu da ke bayan Bici, yau kuma benci ɗaya muke zama a coci. Manomi ne, gero da gyaɗa, da jaki ɗaya da yake kai masa taki gona da rani. Amma abin da aka san shi da shi ƙirjinsa ne.

Akwai wata tsohuwar addu'a ta furta zunubi da muke yi a farkon sujada, muna ƙara riƙe ta a kwanakin azuminmu kafin Ista. Mutum ya ce ya furta wa Allah da 'yan'uwansa cewa ya yi zunubi, sannan ya taɓa ƙirji yana cewa laifina ne, laifina ne, babban laifina ne. Kowa taɓawa yake yi. Habila kuwa duka yake, kamar ana sussuka. Ni da ke kusa da shi nakan ɗan matsa, saboda gwiwar hannunsa.

To, akwai ƙanensa Hashimu, ɗan ƙanen babansa. Gidansu sun musulunta lokacin da gidan su Habila suka shiga coci, kuma hakan bai taɓa raba su ba. Gawo ne ya raba su, wanda kakansu ya bari a kan iyakar gonakinsu. Wata shekara Hashimu ya riga shi tsince 'ya'yan gawon don awakinsa, Habila ya kira shi ɓarawo a gaban mutane. Daga nan gaisuwa ta yanke. Naman Sallah ya daina zuwa, shinkafar Ista da Rifkatu matar Habila ta aika ta dawo ba a ko buɗe kwanon ba.

Bara, ranar Larabar Toka, muna dawowa daga coci da toka a goshinmu, Habila yana shafa ƙirji yana tari. Rifkatu tana biye da mu.

"Maigida," in ji ta, "wannan ƙirjin me ya yi maka ne? Ni dai bakinka na ji ya yi zagi."

"Addu'a ce, ba ki gane ba."

"Na gane mana. Cewa kake ka furta wa 'yan'uwanka. Ni a bencinku ban ga ɗan'uwanka ba, sai wannan bawan Allah da kake nema ka fasa wa haƙarƙari." Ta nuna ni. "Bana ba zan dafa shinkafa ta je ta dawo ba."

Sai da azumi ya yi nisa, wata safiya Habila ya zo ƙofata da jakinsa, an ɗora masa buhun 'ya'yan gawo. Ya ce in raka shi, wai jakin ba ya son tafiya shi kaɗai.

Mun tarar da Hashimu a ƙofar gida yana gyaran ƙotar fartanya. Habila ya sauke buhun, ya daɗe yana gyara bakin buhun da bai kwance ba. Can ya ce, ƙasa-ƙasa, "Hashimu, maganar nan da na faɗa, laifina ne."

Hannunsa nake kallo. Bai ko ɗaga shi ba.

Hashimu ya ajiye fartanyar. "Yaya, a coci sau uku kake faɗa, har masallacinmu muna jin ganga. Ni sau ɗaya za ka ba ni, kuma babu kiɗa?"

"Sauran biyun na buhu," in ji Habila.

Hashimu ya leƙa soro ya ce a kawo tabarma.

Ran Ista kwanon Rifkatu ya dawo a wanke, da ƙwan zabi a ciki. Habila har yanzu yana dukan ƙirjin nan, sai dai na lura ya rage ƙarfi. Shi ya ce tsufa ne.