Takardar Gargaɗi Bayan Jana'izar Durun

Shekara goma sha ɗaya ina aiki a wani ɗan ofis a Gwarzo, inda muke raba wa manoma irin shuka, ba a taɓa saka ko layi ɗaya na laifi a fayil ɗina ba. Da wannan nake tinƙaho, tunda ba ni da mota.

Ranar wata Talata da hantsi aka bugo waya cewa tsohon mai gadinmu ya rasu a garinsu, Durun. Shugabanmu da kansa ya ce a rufe ofis. Ni ke riƙe da mukulli, ni na rufe. Mu shida muka cusa kanmu a motarsa muka bi ta Kabo. A sahun salla kafaɗata tana gogar tasa. Da aka je maƙabarta, ni da ƙanin mamacin muka shiga kabari muka karɓi gawar, domin shekara da shekaru ni da marigayin tare muke cin tuwon rana.

Ashe muna can wani babba daga Kano ya zo duba aiki, ya tarar da kwaɗo a ƙofa.

Bayan kwana uku na samu takardar gargaɗi a kan teburina. Wai na rufe ofis na tafi harkar gabana a lokacin aiki. Na duba sa hannun, na shugaba ne. Sau uku na karanta, har na juya bayanta ko an rubuta wasa ake yi. Ban ji haushi ba tukuna, kaina ne ya ɗaure.

Na rubuta ƙorafi. Aka kafa kwamiti na mutum uku, dukkansu waɗanda muka matse juna a kujerar baya ne. Babbansu ya gyara tabarau ya ce, "Malam, ran Talata ina ka je?"

Na ce, "Ikon Allah! Alhaji, ba a cinyata ka ɗora jakarka ba?"

Ya ce, "A'a, kai ake tambaya, ba mu ba."

Da aka tashi kowannensu ya ja ni gefe ya ce wallahi ni ke da gaskiya, in yi haƙuri. Gargaɗin kuma ya zauna daram.

Shugaba ya kira ni ofishinsa, muka gaisa har da tambayar gona da yara. Ya ƙi haɗa ido da ni. Ya ce Kano sun nemi sunan mutum ɗaya, mai mukulli kuwa ni ne. Amma ya samo mafita. In rubuta cewa zazzaɓi ne ya kayar da ni ranar, na rufe na tafi asibiti, shi zai sa hannu a cire takardar.

Na ce, "Yallaɓai, wato ban je jana'izar ba ke nan?"

Ya ce, "A takarda kawai."

Ya miƙo mini farar takarda da biro. Ina son fayil ɗin nan nawa, Allah ya sani. Na rubuta kwanan wata, na rubuta gaisuwa. Sai na tuna yadda na tallafo kan tsohon na juya shi ya fuskanci alƙibla, hannuna ya ƙi gaba.

Na mayar masa da bironsa. Ya ce bai gane ni ba, na ce ni ma haka. Gargaɗin yana nan a fayil har gobe.