Wutsiyar Duwan da Ɗakin Mannir

Duk direban da ke shigowa Wagadugu daga Ƙonni ko Maraɗi ya san gidan Iyatu a Zongo. Mijinta, marigayi Aliyu Sani, mai masaukin baƙi ne. Da ya rasu ta ci gaba da riƙon gidan, daga ita sai wata kyanwa mai ruwan toka. Direbobi ne suka raɗa wa kyanwar suna Duwan, don ba a taɓa ajiye jaka a tsakar gidan ba tare da ta zo ta shinshine ta ba, kamar ma'aikatan kan iyaka.

Iyatu ba ta yi wa baƙo tambayoyi. Ruwa take ba shi, ta koma tabarmarta ta zuba wa Duwan ido. Cikin kyanwoyi ta tashi a gidan kakarta a unguwar Larle, ta san maganar wutsiya tun ba ta iya ɗaura zane ba. In wutsiya ta miƙe sama kanta ya ɗan lanƙwashe, maraba ce. In tana dukan ƙasa hagu da dama, rai ya ɓaci, mai hankali sai ya janye hannu. In ta kumbura, tsoro ne. In kuwa jiki ya yi tsit, kan wutsiya kaɗai ke rawa, to kyanwa ta ji abin da mutane ba su ji ba. Tun da kunnen Iyatu ya fara nauyi, wannan na ƙarshe ta fi sa wa ido.

Lassane tela, wanda shagonsa ke jingine da bangonta, kullum yana tsokanarta a kan kyanwar, yana kiranta Yaba, wato kaka a yaren garin. "Yaba, ki saya wa kwamandan naki hula mana, tunda shi ke yanke hukunci a gidan nan."

Ita ba ta dariya. A shekarun nan baƙo ba abin wasa ba ne. Ta ga yadda jandarmomi suka tafi da wani mai masauki a layin baya saboda kayan da aka samu a ɗakin baƙonsa, har yau ba wanda ke sauka gidansa. Sunan gida shi ne abin da Aliyu Sani ya bar mata.

Mannir ya zo ne daga Ƙonni, saurayi mai kunya, ya samu aikin tuƙi wurin wani ɗan kasuwar albasa. Ya ce zama ya zo yi, ba wucewa ba. Jakarsa ya ajiye, Duwan ta shinshina ta ɗaga wutsiya. Amma akwai kwali lulluɓe da zane a hammatarsa, wannan bai ajiye ba sai cikin ɗaki.

Washegari Duwan ta tare a ƙofar ɗakin. Ba ta kuka, ba ta karce ƙofa, ta dai kwanta ta ƙura ido a ƙasan ƙyauren, kan wutsiyarta na rawa. Iyatu ta fara lura. Yaron ya sa sabon kwaɗo. Ya toshe taga da buhu. A waje yake cin abinci, amma ta gan shi ya shigo da gero a leda. Ya roƙe ta gwangwanin sardin, bai ce na mene ba. Da ta tambaye shi abin da ke cikin kwalin, ya sunkuyar da kai ya ce kayan gida ne kawai, Inna.

Ta kai wa Lassane maganar. Ya ce shi ma in ya kashe keken ɗinki yakan ji wani gunji ta bango, kamar mutum na nishi a cikin tulu. Duk da haka ya ce ta jira yaron ya dawo ta tsare shi. Iyatu ta ce mai ɓoye abu ba ya faɗa don an tsare shi, kuma ba za ta jira a zo mata da motar jandarmomi ƙofar gida ba. Ta sa shi ya ɗauko guduma.

Kwaɗon na faɗuwa, ƙofa ba ta gama buɗewa ba, Duwan ta wuce ta tsakanin ƙafafunsu. Sai kaɗa fukafukai, sai farin gashi yana tashi. Tantabaru ne guda biyu. Ɗaya ta haye kan azara tana rawar jiki, ɗayar kuwa tana bakin Duwan. Kafin Lassane ya ƙwace ta, wuyanta ya riga ya saki. A ƙasa ga gero a watse, ga gwangwanin sardin da ruwa a ciki.

Da la'asar Mannir ya dawo. Ya tsuguna gaban gawar. Ya ce daga ɗakin tantabarun mahaifinsa ya ɗauko su, su ne suka rage bayan rasuwarsa. Sabuwar tantabara, in ba a kulle ta ta saba da wuri ba, ana buɗe mata sai ta kama hanyar gida. Ɓoyewar kuma, direbobi ne suka gaya masa Iyatu ba ta saukar da wanda kyanwarta ta sa wa ido, shi kuwa ya san mai tsuntsu ba zai tsira daga idon kyanwa ba.

Iyatu ta ce za ta nemo masa wata, fara irin wannan.

"Ta Baba ce nake so, Inna," in ji shi.

Bai ɗaga murya ba. Ya sa ragowar a kwali, ya gode mata da ruwan da ta ba shi ranar zuwansa, ya koma wurin wani abokinsa a unguwar Gungin.

Iyatu ba ta doki Duwan ba. Ta ce wa Lassane kyanwa ba ta yi ƙarya ba, ta ce akwai abu a ɗakin, kuma akwai. Daga ranar Lassane bai ƙara maganar hula ba.

Har yau tana saukar da baƙi, har yau tana kallon wutsiya. Sai dai in kan wutsiyar ya fara rawa a ƙofar wani, Iyatu takan ɗauki Duwan ta matse a hammata, ta ƙwanƙwasa da kanta, ta ce wa baƙon ya buɗe kayansa ta gani.