Goron Sunan da Na Raba da Lissafin Taurari

Kaf Dakoro babu wanda ya fi ni saurin kama ilimi. Abin da ƙanwata ta ɓata ƙuruciyarta tana koyo a jami'ar Yamai, ni na haɗiye shi kafin shayi ya huce.

Ta zo hutu ne, na matsa mata sai ta faɗa mini aikin da ya sa mata tabarau. Ta shata a ƙasa da tsinke. Ta ce idan abubuwa sun yi yawa, kowane yana jan kowane, kamar taurari, ko ƙwayoyin da ke cikin magani, ko igiyar rediyo da ke dukan jikin jirgin sama, na'ura sai ta tsufa tana lissafa su ɗaya da ɗaya. Shi ya sa ake raba fili gida-gida. Na kusa a bi su ɗai-ɗai. Na nesa a dunƙule su a ƙulli guda, a yi magana da tsakiyarsu, saƙo ya sauka daga babban gida zuwa ƙanana.

A wannan makon matata ta haihu. Danginmu kuwa sun fi gero yawa, kuma bayana ya gaji da rairayin hanya. Na ce ga inda ilimi zai yi rana. Cikin gari na kai goron gayyata ƙofa-ƙofa. Garuruwan Mai Yara da Korahane da Ɗan Gulbi kuwa, kowane na aika ƙulli guda ga dattijo ɗaya, ya raba.

Ko'ina abin ya tafi daidai, ban da wuri ɗaya. Goggo, yayar mahaifina, a Ɗan Gulbi take, kuma a gidanmu ba a aske jariri sai a cinyarta. Goronta ya iso ta hannun maƙwabciya. Goggo ta mayar da shi, ta ce a gaya mini ta gode, ita ba ta san an haihu ba.

Ana gobe suna na hau moto, wato babur. Na tura shi fiye da yadda ya ɗauke ni. Na durƙusa gabanta har gwiwoyina suka manta da ni.

"Tashi, ɗan nan," in ji ta. "Tunda ka iso, sai ka bi sauran."

Haka na bi gidajen danginmu na garin ɗaya bayan ɗaya, tana biye da sanda. Kowane gida fura, kowane gida faɗa. Da la'asar ta yarda ta hau bayana, tana ƙorafin tuƙina har Dakoro.

Na zube a tabarma, na ce wa ƙanwata lissafinsu akwai gyara. Ko ɗago kai ba ta yi daga tsintar shinkafa ba.

"Lafiyarsa lau, Yaya. Taurari ne ba su da goggo."