Giɓi a Aikin Malam Dalhatu

Hamida tun tana yarinya a Dorayi ba ta yarda da kowa. In aka aike ta da abinci gidan maƙwabta, sai ta tsaya ta ga an juye. In ka ce mata an yi ruwa a Panshekara, takalminka za ta fara duba. Mahaifiyarta ta sha cewa yarinyar nan ko alƙaliya ko 'yar sanda, amma Allah bai nufa ba, sai ta ƙare a ɗakin gwaji na wani kamfanin biskit a Sharada.

A can ta koya wa kanta rubuta manhaja da harshen Python, a lokacin hutun cin abinci. Ba sha'awa ce ta kai ta ba. Takardar da masu kula da tanderu suke cikewa da biro ce ba ta kwanta mata ba, don a ganinta babu yadda zafi zai riƙa zama daidai kullum. Sai ta rubuta 'yar manhaja wadda duk minti ɗaya take ɗaukar zafin tanderun ta sa a fayil. Manaja, Alhaji Tijjani, ya yaba, Hamida kuwa ta koma taku kamar ita ta gina kamfanin.

Ba a yi wata biyu ba ta fara ganin giɓi. Awa ɗaya, wani lokaci biyu, babu komai a fayil, kuma kullum a aikin mutum ɗaya: Malam Dalhatu, dattijon da ya shekara ashirin da uku a bakin tanderun nan, yana zuwa a keke daga ƙauyensu kusa da Challawa. Ba shi da yawan magana, a wajen Hamida kuwa shiru ma laifi ne. Ta sa masa ido. Ta lura yana yawan zagayawa bayan teburin kwamfuta. Ta lura in ta shigo sai ya sunkuyar da kai, bai kuma taɓa zo mata a rai cewa kawaici ne ba.

Wata Talata biskit katan tamanin ya ƙone a aikinsa, fayil kuma daidai lokacin wayam. Ta nufi ofishin manaja.

"Ranka ya daɗe, gogewa ake yi. Sau tara ke nan, duk a aikinsa."

"Kin tabbata, Hamida? Mutumin nan ya girme ni."

"Kwamfuta ba ta ƙarya, Alhaji."

Manaja ya ce ƙonewar biskit ƙaddara ce, amma goge shaida ha'inci ne. Aka miƙa wa Malam Dalhatu takardar dakatarwa a gaban abokan aikinsa. Ya ninke ta ya sa a aljihu, ya tura kekensa ya fita. Mako biyu fayil ya tafi sumul, Hamida tana jin daɗin an kama ɓarawo.

Ranar wata Juma'a maza sun tafi masallaci aka ɗauke wuta. Batirin ajiya na kwamfutar ya kama ƙara ya ishe ta, ta zare filogin ta kulle ɗakin. Da aka tayar da janareto ta mayar, manhajar ta tashi da kanta. Ta duba fayil, awa biyun da suka gabaci ɗauke wutar sun ɓace.

Sai da ta zargi mutum uku kafin ta tuna makullin yana jakarta. Ta zauna ta bi manhajar layi-layi. A rubutun nata ta ce a buɗe fayil, a riƙe shi, amma babu inda ta ce a rufe. Ashe manhajar tara layukan take yi a ƙwaƙwalwar kwamfuta, kamar mai tara wanke-wanke, ba ta zuba su sai sun yi yawa ko an rufe fayil. Da an zare wuta, abin da ke hannunta ya tafi.

Ta samu Lawan mai janareto ta tambaye shi. Ya ce ai kowa ya sani, Malam Dalhatu ba ya bari a juya wuta zuwa janareto sai ya zare filogin kwamfutar, tun shekarar da wuta ta zo da ƙarfi ta ƙone musu na'ura. Sauran ma'aikata ba ruwansu da filogi.

Gyaran bai kai minti biyar ba: buɗe, rubuta, rufe, saki. Shiga ofishin manaja ne ya yi mata nauyi, amma ta shiga ta faɗi gaskiya. Alhaji Tijjani ya ce ita ta ɓata, ita za ta je ta dawo da shi.

Washegari ta same shi a lambunsa yana ba albasa ruwa. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta yi bayani kunya kamar ta nutse.

"Baba, laifina ne. Ku yafe mini. An ce ku koma ran Litinin."

"Na yafe, 'yata. Amma komawa kam a'a. 'Ya'yana sun riga sun ji abin da aka ce na yi."

Ya ajiye bokitin ya dube ta, karo na farko tun da ta san shi.

"Kullum muna ɗaki ɗaya da ke. Me ya hana ki tambaye ni?"